Kwano Bakwai a Faranti Ɗaya

Na san labarin da kuke bayarwa a kaina, kada ku ɗauka kunnena ya mutu. Duk ranar da uwarku ta cika yaji a miya sai in ga kuna haɗa ido, wani ya ce a kawo wa Baba tsumma kada a maimaita abin gidan Indiya. Har jikokina da ko rarrafe ba su fara ba a lokacin sun iya kwaikwayon yadda na wangale baki ina yi wa harshena fifita da hula. To, na yi kuka a gidan abincin Indiya da ke Gummi, da rana tsaka, a gaban mace, da furfurata. Ban musa ba. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya kai ni can, kuma tun da ni na fara mayar da labarin abin dariya, ni ya kamata in gyara shi kafin ku binne ni da shi. Bokona aji uku ne, na ukun ma ta taga na yi shi, saboda haka wanda ya ga rubutu ya karkace sai ya miƙe shi da kansa.

Mu biyu Inna ta haifa maza, Yaya Garba da ni. Shi aka ba shi nutsuwa, ni aka ba ni baki. Tun muna yara kwano ɗaya muke ci, har muka yi aure, har muka tara iyali a gida ɗaya a ƙauyenmu da ke bayan Anka. Matarsa da uwarku kowace da tukunyarta, amma idan tuwo ya iso zaure sai a juye shi a babban kwanon mahaifinmu marigayi, wani mai lotsattsen baki, mu zauna mu biyu. Yaya yana da wata ɗabi'a: in akwai nama ko kifi sai ya juya kwanon a hankali har ɓangaren ya fuskance ni, sannan ya ɗauke kai kamar yana kallon wani abu a waje. Ni kuwa ban taɓa jin kunyar ɗauka ba.

Shekarar da zinariya ta haukata mutanenmu, ina cikin waɗanda suka fara haukacewa. Sai in ɗauko duwatsu a buhu daga rami in kawo tsakar gida in dinga dakawa a turmi, ƙura ta tashi ta sauka a kan shanya, a kan randa, a kan tabarmar Inna. Yaya manomi ne, bai taɓa ɗaga dutse ɗaya ba. Yana da auta a lokacin, 'yar shekara uku, sunan Inna aka sa mata shi ya sa muke ce mata Uwani. Yarinyar nan ta liƙe mini kamar ni na haife ta. Ina daka tana zaune gefen turmi tana yi mini waƙa, in na tsaya cin ɗumame ta matso da baki, in yanko loma in sa mata. Hannuna fari fat da ƙura har gwiwa. Wa yake wanke hannu don ƙurar arziki?

Agwagin Inna ne suka fara mutuwa, ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya Yaya ya tsaya a kaina ina daka.

“Ɗanjumma, fid da duwatsun ga daga gidan ga. Ban yarda da ƙurag ga ba.”

“Haba Yaya,” na ce, “agwagwa ba ta saba ganin arziki ba, zuciyarta ta buga.”

Duk tsakar gida aka yi dariya, shi ma sai da gefen bakinsa ya motsa. Na ce gobe, goben ta zama jibi, na ci gaba da dakana. Kafin likitoci su iso su gaya mana sunan abin, gubar dalma, kafin a zo a kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa, Uwani ta fara jijjiga. Kwana uku ta yi, ta cika. Ba ita kaɗai ba ce, gidaje da yawa an yi kuka a wannan shekarar, kuma a bayan wannan maganar na ɓuya: kowa ya yi, ba wanda ya sani. Ranar addu'ar uku aka kawo tuwo zaure a kwanon nan mai lotsattsen baki. Na miƙa hannu. Yaya ya kama bakin kwanon ya ja shi gabansa, ba tsawa, ba zagi.

“Hannun ga ba shi ƙara shiga kwano da nawa.”

Daga ranar bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Yana amsa gaisuwata, ya zo sunan biyu daga cikinku, amma kwanonsa daban. Kafin damina ta zagayo na kwashe ku muka dawo Gummi, na ce wa mutane shinkafar fadama ce ta kira ni. Shekara goma sha biyu muka yi a haka. Da zama ya gagara a ƙauye, shi ma ya ɗauko Inna da iyalinsa suka koma Bukkuyum.

A Gummi na samu aikin ɗinkin buhu a injin casar shinkafa. Wani Ba'indiye ne ya zo kafa injin ya zauna, kowa Injiniya yake ce masa, ya daɗe har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan bokonmu. Matarsa, da muke kira Madam, ta buɗe ɗan gidan abinci a jikin katangar injin, tebur huɗu kacal. Mutanensu da ke zuwa gyaran inji su ke ci, sai ma'aikatan gwamnati da ke son su koma gida su ce sun ci abin da maƙwabci bai taɓa ci ba. Mu masu buhu shinkafa da wakenmu muke ci a gindin bishiyar bedi, sai dai ƙamshi ya biyo iska ya same mu, wani ƙamshi kamar an kunna wuta a rumfar mai kayan yaji.

A shekara ta goma sha biyun nan Inna ta kwanta. Na je Bukkuyum duba ta, na tarar ta koma kamar tsumma a kan gado, amma bakinta yana nan daram. Na fara ba ta labarin ban dariya, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

“Ɗanjumma, ni ban da sauran nisa. Abu guda nika son ji da kunnena, kai da yayanka kun sa hannu kwano guda. In ban ji ba, ka sani da shi za ni kabari.”

“To Inna, ki gaya mishi mana. Ke ai ba shi ƙin maganarki.”

“In na sa shi zai yi, don ni. Wanda anka yi don ni ban so. Kai kaɓ ɓata, kai ka gyarawa.”

Mai hankali da ya fito daga ɗakin nan sai ya wuce zaure ya durƙusa gaban ɗan'uwansa. Ni ba shi ba ne. Na hau mota na dawo Gummi ina neman dabara, don duk rayuwata ban taɓa shiga ta ƙofa ba in akwai taga. Kwana biyu bayan haka ina wucewa da buhu a ka, sai na hango Madam ta tagar gidan abincin ɗauke da wani faranti na silba. Faɗinsa ya kai murfin babbar randa, shinkafa a tsakiya kamar tudu, ga ƙananan kwanoni jere a kewaye. Na tsaya da buhuna. Na ce a raina, wannan na mutum huɗu ne, ko uku in masu ci ne. A ƙasarmu wa zai ɗauko faranti irin wannan ya ajiye gaban mutum ɗaya? Kuma a finafinansu da muka kalla muna samari na ga da hannu suke ci kamar mu. Nan take dabara ta sauko mini. In Yaya ya shiga nan a matsayin baƙon Injiniya, kunya ba za ta bar shi ya ce wa mai masauki a raba masa nasa ba. Faranti ɗaya, hannunsa, hannuna, shi ke nan, in ɗauki labari in kai wa Inna. Da na ƙara minti ɗaya a bakin tagar nan da na ga wanda aka kai wa farantin da yadda ya ci shi. Amma aka ƙwala mini kira daga inji, na wuce ina murmushi kamar wanda ya tsinci wani abu.

Duk kaka Yaya yakan kawo shansherarsa, shinkafar da ba a casa ba, injinmu. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya koma can gefe ya jira. Na samu Injiniya na ce yayana zai zo ranar kaza, ina so a karrama shi.

“Yayanka ne wannan dattijon? Shekara nawa yana zuwa ba ka faɗa ba? Kai, Ɗanjumma!”

“A kawo babban farantin nan, Injiniya. Wanda ya fi kowane girma.”

“Babba, babba,” ya ce, “kada ka damu.”

Ban ce masa faranti ɗaya ba. A tunanina faranti irin wannan dama ɗaya ne, kamar yadda ba a cewa a kawo rijiya ɗaya.

Ranar ta zo. Bayan azahar na riga su shiga, na zauna ina kallon wani hoton duwatsu masu farin kai da ke jikin bango kamar wanda ya saba. Ina jin Yaya a waje yana cewa ya gode, ya riga ya ci, Injiniya kuwa ya kama hannunsa biyu yana ja. Da ya shigo ya gan ni sai ya tsaya cak. Ya waiwaya ƙofa, Injiniya ya cika ta da tumbinsa. Ya zauna.

“Kai ma baƙo na?”

“Ni ɗan gida na, Yaya. Nan nika cin rana kullum.”

Ya dube ni, ya dubi tsohuwar rigata mai ramin allurar buhu. Can ya sunkuyo ya rage murya.

“Wa ka yi musu yanka?”

Injiniya ya ji, ya yi dariya ya ce Malam ya kwantar da hankalinsa, a gidan nan ba a taɓa yanka komai ba. Ba nama, ba kifi, ko ƙwai ba ya shigowa. Yaya ya juyo gare ni a hankali.

“Gummi, bakin gulbi, kak kawo ni inda ba a cin kihi.”

Wannan ma ban san da shi ba, amma na gyaɗa kai kamar da gangan na zaɓa. Sai ga Madam da faranti. Ta ajiye shi gaban Yaya, yana tururi. Na ja kujerata na matsa, na naɗe hannun riga, bisimilla tana kan harshena. Ban ƙarasa ta ba sai ga ta ta dawo da wani, irinsa sak, ta dire a gabana. Na dubi nasa, na dubi nawa. Na ƙirga kwanonin da ke kan nawa, bakwai. Nasa ma bakwai. Na zo in mayar da kwano biyu su zama ɗaya, sai ga su sun haihu sun zama goma sha huɗu.

“Madam, ai wancan ya ishe mu mu biyu. A mayar da wannan.”

“A'a, Baba. Kowa nasa.”

“Mutanen ga sun san ya kamata,” in ji Yaya, yana gyara zama.

Injiniya ya tsaya yana nuna mana wannan da wancan da sunayensu, ko ɗaya bai zauna mini a ka ba, sai aka kira shi inji ya fita. Aka bar mu da abin da ba mu san kansa ba balle ƙafarsa. Akwai wata miyar wake rawaya mai ruwa-ruwa, ban gane ko sha ake yi ko zubawa ba. Akwai alayyafo da aka niƙa har ya manta shi ganye ne, da gutsattsarin cuku irin na Fulani a ciki. Akwai dankali da ya sha kurkur, akwai kuɓewa soyayya wadda ba ta yauƙi ko kaɗan, abin da har yau nake ganin an zalunce ta. Ga nono da yankakken kokwamba, ga wani ɗan dunƙule kamar fanke yana iyo a ruwan sukari, zaune a jere da miya kamar shi ma miya ne. Gefe kuma wata gurasa siririya da wani abu mai ƙaras-ƙaras kamar ƙanzo. Na bakwai shi ne ƙaramin cikinsu, jan mai ne da wasu 'yan gutsattsari a kwance a ciki. Yaya ya dangwala masa ɗan yatsa, ya taɓa a harshe, ya tura shi can ƙarshen faranti. Daga nan ya ci gaba da ci irin na dattawa, loma kaɗan daga nan, kaɗan daga can, duk kwanon da ya taɓa ya bar saura.

Ni kuwa kaina yana ta aiki. Dabara ta farko ta mutu, sai ta biyu ta taso. Tun muna yara in na cinye gabana sai in zarce gaban Yaya, duk gidanmu an san ni da haka. To, in na share farantina tas, sai in miƙa hannu nasa kamar da wasa. A gidan baƙi, a gaban matar mutane, ba zai buge mini hannu ba. Na sunkuya na kama aiki. Na juye miyar waken a shinkafa na tashi da ita, na bi da alayyafo, na bi da dankali. Ina lashe yatsa sai na ji motsi a kafaɗata. Madam ce da wasu tukwane huɗu a haɗe da mariƙi ɗaya, da ludayi. Kafin in buɗe baki ta cika duk kwanon da na share, ta ƙara tudun shinkafa.

“Alhamdu lillahi, Madam, na ƙoshi.”

“Ci, Baba, ci.”

Wallahi kamar Inna ce ta shiga jikinta. Ashe su ma sun san baƙo yakan ce ya ƙoshi don kunya, kuma su ma ba sa yarda. Sai daga baya Injiniya ya gaya mini cewa a wurinsu kwanon da aka share abin kunya ne ga mai gida, dole a cika shi. Wanda ya ƙoshi yakan bar saura, ko ya rufe kwanon da tafin hannu. Wato Yaya da bai taɓa shiga wurin ba yana bin al'adarsu daidai, ni ɗan gida ina faɗa da gulbi da ludayi. Sau uku ina sharewa, sau uku tana cikawa. Na sassauta mazagin wando a ɓoye. Gumi ya jiƙa mini hula. Ina jin ta ta taga tana gaya wa mijinta wani abu da yarensu cikin murna, ba sai an fassara mini ba: yau ta samu wanda ya san darajar girkinta a Gummi.

“Kullum haka kaka ci nan?” in ji Yaya.

“Yau ma ban da lahiya ne,” na ce.

Sai na lura in ta cika takan koma kicin ta ɗan jima. Na ce to, wannan karon kafin ta fito zan share duka bakwai ɗin a tashi ɗaya. Na haɗiye wake, na tura alayyafo, na shanye nono, na jefa fanken sukari a kan kuɓewa ban tsaya jin yadda suka gaisa a ciki ba. Saura ƙaramin nan mai jan mai, wanda ban taɓa ba tun farko. Na ga Yaya ya buɗe baki kamar zai yi magana. Na juye shi duka a tafin hannu na watsa a baki.

Ɗanyen mangwaro ne da aka tsuma a barkono da gishiri da mai, wata da watanni. Ana dangwalarsa ne kawai. Mu mutanen yaji ne, na ci barkonon da ya sa ƙarti gudu, amma wannan wani abu ne daban. Tsami ya fara kama mini muƙamuƙi, gishiri ya biyo, sannan wutar ta taso daga maƙogwaro ta fita ta kunne. Na daina jin ƙarar inji. Na cire hula ina fifita harshe, nan ne wurin da kuke kwaikwayo, kuma kun iya. Na sha ruwa, ruwan ya zama kananzir. Madam ta fito ta ga kwanon wayam, ta dafe kai, ta ce nono, nono, ta leƙa kicin ta tarar na riga na shanye mata wanda ke nan, ta fita da gudu zuwa gidansu da ke baya.

Aka bar mu mu biyu. Ta cikin hawaye na hango kwanon nonon Yaya a kan farantinsa, cike, bai taɓa ba. Hannuna ya tafi da kansa. Ku duba fa, abin da na zo nema ke nan, kuma da hujjar da ta fi duk wadda na ƙulla, don ba wanda zai hana mai cin wuta nono. Hannun ya kai saman farantinsa. Sai na gan shi. Da na zo yatsu kawai na ɗauraye, ga shi na naɗe riga. Daga wuyan hannu har gwiwa fari ne fat da ƙurar injin shinkafa, ta shiga duk tamojin fata ta zauna.

Hannun ya tsaya a sama. Na ce masa sauka, ya ƙi.  Bakina yana ci da wuta, na buɗe shi don in ce Yaya taimake ni da nono, sai wata magana daban ta fito.

“Da wanga hannu nib ba ta.”

Yaya bai motsa ba.

“Kac ce in fid da duwatsun, niy yi ma ba'a da agwagi. Da na fid da su ran nan... Uwani, Yaya. Ni na. Ba kowa ba, ni na.”

Shekara goma sha biyu sunan nan bai bi ta bakina ba. In an zo kusa da shi a hira sai in jefo abin dariya in kau da maganar. Yanzu ga shi ya fito a gidan Indiya, tsakanin kwano goma sha huɗu, majina tana zuba, kuma ko a lokacin ban iya rabe hawayen barkono da ɗayan ba. Yaya ya ɗaga kai yana kallon hoton duwatsun nan na bango. 

“Shekara goma sha biyu kana ba mutane dariya,” ya ce. “Na aza ka mance sunanta.”

Ya ɗauki ɗan kwanon nonon da yatsa biyu. Ya kai bakinsa ya kurɓa kaɗan. Sannan ya miƙo mini sauran.

“Sha, kar ka mace gidan mutane.”

Na sha. Madam ta shigo da jug ɗin nono tana haki, ta tarar da tsofaffi biyu, ɗaya yana kuka da baki buɗe, ɗayan yana goge ido da hannun riga. Ta dinga ba da haƙuri, tana nuna mini da ɗan yatsa yadda ake taɓa abin kaɗan, kaɗan. Yaya ya gyara murya.

“Yajinku na da ƙarhi, Madam.”

Shi da ko rabin ɗigo bai ci ba. Daga nan barkono ya ɗauki laifin, ni kuma da yamma na ba 'yan inji labarin yadda zai yi daɗi, har ya iso gare ku.

Yaya ya yi wa Injiniya godiya, ya koma wajen shinkafarsa, ya hau mota, ko waiwaye bai yi ba. Ni kuwa na kwana uku kaina a ɗaure. An yi ko ba a yi ba? Inna hannu ta ce, mu kuma baki muka sa. Kwano ta ce, wannan kuwa bai fi murfin kwalbar man shafawa ba. Kuma shin ɗan'uwansa ya ba, ko kuwa wani tsoho ya gani zai mutu ya ji tausayi, yadda zai yi wa ko wane ne? Har limamin masallacin inji na tambaya ko ƙaramin kwano yana cikin hukuncin kwano. Ya dube ni ya ce bai ci karo da wannan babin ba.

Ranar Juma'a na tafi Bukkuyum. Inna ta ji sallamata ta buɗe ido.

“An ci?”

“An sha dai, Inna.”

“Kwano guda?”

Na haɗa yatsu na nuna mata girmansa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na ɗago ta na ba ta ruwa.

“Had da tsuhwa ba ka bar wayon banza ba. Kai wa yac ce ka tahi Indiya neman abin da ke zaure?”

Ta kira matar Yaya ta yi mata magana a kunne. Da aka sauko daga masallaci sai ga tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi, an shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar Inna inda za ta iya gani daga gado. Kwanon ne ya tsayar da ni. Mai lotsattsen bakin nan ne. Ban san sun ɗauko shi ba ranar da suka bar ƙauye da abin da hannu zai iya ɗauka kawai. Yaya ya shigo, ya gan shi, ya gan ni. Sannan ya cire takalmi ya zauna. Na saka hannuwana tsakanin cinyoyi, karo na farko a rayuwata da tuwo yana gabana ban san abin da zan ce ba. Ya jawo buta da sabulu ya turo gabana.

“Wanke. Har gwiwa.”

Na wanke, yana kallo.

“Ƙara.”

Na ƙara. Sai ya sa yatsa a bakin kwanon ya juya shi a hankali har kifin ya fuskance ni, ya ɗauke kai yana kallon wani abu a waje.

Inna ta rasu kafin a gama sussukar wannan shekarar. Yaya har yau bai ce ya yafe ba, ni kuma ban tambaya ba, don ina tsoron ya tsaya ya yi tunani. Abin da na sani, in na je Bukkuyum kwano ɗaya ake kawowa, kuma sau biyu nake wanke hannu ko bai ce ba. Madam kuwa in ta hango ni har gobe sai ta ɓoye ƙaramin kwanon nan a bayanta tana dariya.

Ku ci gaba da ba da labarin, ni na koya muku shi, kuma wurin hular nan yana da daɗi. Amma in kun iso inda Baba ya fashe da kuka, ku ɗan tsaya. Kuna da 'yar'uwa da ba ku tashi da ita ba, tana waƙa a gefen turmi. Sunanta Uwani. Ku faɗe shi, sannan ku yi dariyarku.